Tagar da Aka Liƙe wa Gwaggo

Ina tsaye a baranda ina shanya yadin da na wanke sai na ji ƙarar salatif daga ƙasa, irin ƙarar da yake yi idan ana jan shi da ƙarfi. Na leƙa. Akawu ne tsaye kan kujera, ya ɗora takunkumin fuska biyu ɗaya bisa ɗaya, yana liƙa wata baƙar leda mai kauri a jikin tagar ɗakin yayarsa. Matarsa na ƙasa ta riƙe masa kujerar tana nuna masa inda ya bari.

"Nan gefen bai kama ba. Ƙara masa."

Gidan namu hawa biyu ne. Ni ce a sama da keken ɗinkina, su kuma suna ƙasa: Akawu, da matarsa da duk layin ke kira Mai Burodi, da 'yarsu mai tsohon ciki da mijinta ya maƙale a wani gari tun da aka rufe hanyoyi, sai Gwaggo. Gwaggo yayar Akawu ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a wurinsa tun rasuwar mijinta. Tagar ɗakinta ta bayan gida take buɗewa, daidai inda Mai Burodi ta kafa tanda da teburan da take jera burodi ya huce. Taga ɗaya ce tal a ɗakin.

Na ce, "Maman Dogo, lafiya kuke rufe taga da wannan zafin?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sauro ne ya dame ta."

Lokacin korona ta shigo gari, kowa na kallon kowa da gefen ido, ni kaina na ajiye ɗinkin riguna na koma ɗinka takunkumi. Ban yarda da maganar sauro ba ko kaɗan. Na koma ciki na kira Gwaggo a waya, dama ba ma wuni ba mu yi hira ba.

"Mai Keke," ta ce da ta ɗauka, "an ɗaure ni, ko gaban alƙali ba a kai ni ba."

Ashe Dogo ne ya dawo. Babban ɗansu ne, yana aiki a wani otal a can wani gari, aka rufe otal ɗin, ya biyo motar kaya ya iso jiya da yamma jikinsa zafi zau, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Da ya shigo falo uwarsa ta ja da baya har ta jingina da bango. Gwaggo ce ta tashi ta karɓi jakarsa, ta dafa masa goshi, ta zaunar da shi. Ita ta goye shi yana jariri, ba ta tsaya tunanin komai ba.

Gwaggo ta ci gaba, "Sai ƙanen nawa ya tara mu ya yi mana bayani tiryan-tiryan, sai ka ce likita. Wai cutar nan ba a hannu kaɗai take ba, cikin numfashi take fitowa, ta tsaya a iskar ɗaki tana jiran wanda zai shaƙa. Wai dole a ware yaron, kuma dole mutum ɗaya ya zauna da shi. Daga nan ya shiga raba mu. Shi yana da hawan jini. Matar tana taɓa abincin jama'a. Yarinyar ciki gare ta. Ni kuwa na riga na taɓa shi, kuma dama ba na zuwa ko'ina."

"Ciwon sugarki fa, Gwaggo?"

"Na tuna masa. Ya ce ai ina shan magani."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Abin da ke ci min rai har yau ke nan. Da jahilci ne da na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Akawu mutum ne mai karatu, rediyo ba ya barin kunnensa, kuma da bakinsa ya gaya wa mazan layinmu cewa tsofaffi da masu ciwon suga cutar ta fi kayarwa. Ya san komai sarai. Da saninsa ya duba mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya ya zaɓi wadda in ta kwanta ba abin da zai tsaya.

Ɗakin Gwaggo a ƙarshen wani ɗan lungu yake, kusa da ƙaramin banɗaki. Suka rataya labulen leda a bakin lungun tun daga sama har ƙasa, suka liƙe gefe da gefe. Dogo ya hau gadonta, ita ta shimfiɗa katifa a bakin ƙofa. Abinci da sandar goge-goge ake turo shi ta ƙarƙashin labulen. Idan an kunna tanda da safe bangon ɗakin ɗaukar zafi yake yi, fanka kuma ba abin da take yi sai juya musu iska ɗaya.

Na ɗinka takunkumi masu kyau na ba Mai Burodi ta tura mata. Sun isa, amma Gwaggo ta ce min, "Ina sawa, Mai Keke. To in yaron ya tashi amai ni zan riƙe masa kai, in tari ya sarƙe shi ni zan tallafe shi ya zauna. Fuskata a fuskarsa. Ga gumi, kafin ka ce me ƙyallen ya jiƙe sharkaf."

Ta waya nake jin tarin Dogo a bayanta, wani lokacin ma ba sai da waya ba, ɗakin ɗinkina a saman nata yake. Ina jin ta tana lallashinsa kamar ƙaramin yaro, tana cewa ya daure ya ƙara kurɓa ɗaya.

Na tare Akawu a gindin matakala zai tafi aiki.

"Baban Dogo, don Allah a buɗe musu tagar nan. Likitan rediyo ya ce rufaffen ɗaki ne ya fi haɗari, iska kuma in ta fita waje watsewa take yi."

Ya gyara zaman takunkuminsa. Mutum ne mai magana a hankali, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

"Mai Keke, na ji shi ni ma. Amma iskar in ta fito kan me za ta fara sauka? Kan burodin da yaran layin nan ke ci. Kina so a ce gidana ne ya kwantar da 'ya'yan mutane?"

"To a dakatar da gashin mana har yaron ya tashi."

"Mutane su tambayi dalili mu ce me?"

Ya yi min sallama cikin ladabi ya wuce. Na tsaya ina kallon bayansa.

Dogo saurayi ne, jikinsa ya yi ta fama har ya ci ƙarfin ciwon. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa. Ranar da aka fito da shi gidan ya cika da murna. Aka tafasa kayansa, ya yi wanka da ruwan zafi, uwarsa ta rungume shi tana kuka, ƙamshin suyar kaza ya hau har wurina. Gwaggo kuwa aka ce ta ɗan ƙara haƙuri a ciki, sai an tabbatar ba ta ɗauka ba. Aka mayar da labulen aka liƙe.

A yammacin ranar na ji tari daga ƙasa, kuma ba muryar namiji ba ce.

"Ɗan maƙoshi ne ke min ƙaiƙayi," in ji ta. "Amma an yi min rahama guda. Na daina jin ƙamshin burodin matar nan kwata-kwata, na huta."

Duk mai sauraron rediyo a lokacin ya san me ɗaukewar jin ƙamshi ke nufi. Ita ma ta sani, wasa take yi don kada in tada hankalina.

Daga nan kullum sai abin ya ƙaru. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, abinci ya koma mata kamar tana tauna takarda. Gwaggo da ke riƙe ni a waya har kunnena ya yi zafi, ta koma in ta yi magana kaɗan sai ta tsaya ta huta. Banɗakin da ke dab da ƙofarta sai ta dafa bango ta zauna a hanya kafin ta kai. Salla ta koma yi a zaune. Ba wanda ya ɗaga labulen nan ya leƙa ta. Da safe Akawu zai tsaya daga nesa ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" ya jira ya ji motsi, ya ce, "Allah Ya ƙara sauƙi," ya tafi.

Wata safiya Gwaggo ta bar wayar a buɗe da gangan, na ji su ita da Akawu da kunnena.

"Ka kai ni asibiti," ta ce.

"Yaya, mura ce. Haka Dogo ya yi, ga shi ya miƙe."

"Dogo sa'ana ne?"

"Asibitin a cike yake, a ƙasa ake kwantar da mutane. Wanda ya je da ƙaramin ciwo babba yake kwasowa. Ki yi ta shan ruwan ɗumi da zuma, zan aiko da maganin zazzaɓi."

"Numfashina ne ba ya isa ta, ba zazzaɓi ba."

"Tsoro ne, Yaya. Ki cire abin a ranki."

Na sauka wurin Mai Burodi tana kwaɓa fulawa, na ce mata a kira motar asibiti. Ita ba ta iya zagaye-zagaye irin na mijinta ba.

"Ke kin san abin da kike faɗa kuwa? Motar asibiti ta tsaya a ƙofar nan, mutane su fito cikin fararen kaya kamar fatalwa, wa zai ƙara sayen ko gutsuren burodi a hannuna? Wace ungozoma za ta taɓa min yarinya in haihuwa ta zo? Yaya tsohuwa ce, tsofaffi dama ba sa rabuwa da 'yan koke-koke. Muna ba ta ci, muna ba ta sha. Me kuma ake so mu yi?"

Na koma sama na kira lambar da ake faɗa a rediyo. Na sha jira kafin a ɗauka, amma an ɗauka, washegari da hantsi suka zo su biyu, wata nas da direba.

Akawu ya tare su a bakin ƙofa da fara'arsa. Ya kira Dogo ya tsayar da shi gabansu, ya ce ga mara lafiyar, an killace shi yadda hukuma ta ce, kuma alhamdulillahi ya warke. Ya yi bayani mai kyau har nas ɗin tana gyaɗa kai.

Ina tsaye a matakala na ce, "Ba shi na kira ku ku gani ba. Tsohuwa ce a ɗakin baya, ita ta yi jinyarsa."

Mai Burodi ta watso min wata harara. Akawu bai ko juyo ba. Ya ce haka ne, yayarsa ce, tana ɗan fama da mura, amma ba ta son baƙi su faɗo mata ba shiri, a ba shi minti ɗaya ya sanar da ita. Ya shiga. Muna jin ƙus-ƙus ɗin muryarsa daga bakin labule, ba ma jin abin da yake cewa. Da ya dawo ya ce nas ɗin ta iya zuwa ta tambaye ta da kanta. Na bi bayanta, ba wanda ya gayyace ni.

Nas ta tsaya a jikin labulen ta ɗaga murya. "Mama, sannu. Yaya jikin?"

Sai can muka ji, "Da sauƙi."

"Mama, bari in shigo in sa miki wani ɗan abu a yatsa, in ga ko iska na isar jininki. Ba zafi."

"A'a, 'yata. Ki bari."

"Ba kya so mu tafi da ke a duba ki?"

"A'a."

Nas ɗin ta daɗe tsaye. Ba yarinya ba ce, ta san me ta ji. Ta juyo ta dubi Akawu ta ce ba ta da ikon ɗaukar mutum mai hankalinsa da ƙarfi, kuma gidaje da yawa na jiran ta. Amma ta ce ya saurara da kyau. Cutar nan mayaudariya ce, tana cin huhu a ɓoye, mutum na cewa da sauƙi alhali iskar da ke jininsa tana ta raguwa. In tsohuwar ta kasa ƙarasa magana ba tare da hutawa ba, ko leɓenta ya yi duhu, ko barci ya riƙa fizgar ta da rana, to kada a jira komai. Ta ce a buɗe taga yau ɗin nan. Ta nuna Dogo ta ce shi da ya tashi daga ciwon kwanan nan shi ya fi kowa dacewa ya riƙa shiga da takunkumi yana duba ta.

"In sha Allahu," in ji Akawu. Ya raka su har mota yana godiya.

Ina hawa sama na kira ta, raina a ɓace.

"Gwaggo, me ya sa? Ga su har bakin ƙofarki."

Ta daɗe tana haki kafin ta samu magana, kuma a gutsure ta fito.

"Ya ce in na shiga motar nan, an san gidan. Burodi ya mutu. Matar ba za ta yarda in dawo ba, shi kuma ba yadda zai yi." Ta tsaya. "In an sallame ni ina zan nufa, Mai Keke? Ɗaki ɗaya gare ni a duniya."

"Ki hawo wurina. Wallahi da gaske nake."

"A ce ƙanena na ƙasa, ni ina sama wurin maƙwabta?" Ta so ta yi dariya, tari ya ƙwace ta. "Bari dai. Wataƙila in tashi."

Na ajiye wayar na yi kuka, kukan baƙin ciki da haushi. Matar nan ta san abin da ake yi mata fiye da kowa, kuma an bar mata zaɓi tsakanin numfashinta da wurin kwananta.

Ba a buɗe tagar ba. Mai Burodi ta daina amsa gaisuwata, in tana jera burodi sai ta riƙa yi wa 'yarta zancen munafukan da ba su da aiki sai leƙen gidan mutane, da murya yadda zan ji. Ko a jikina. Dogo na nema, na same shi zaune a bakin ƙofa yana shan iska, ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo.

"Dogo, ka ji abin da nas ta ce. Kai ne za ka iya shiga."

"Anti, ina so. Mama ce ta ce in na sake taka lungun nan ba ta yafe min ba. Ta ce ana iya sake kamuwa."

"Ita Gwaggon da ta riƙe maka kai kana amai, wa ya tsaya mata?"

Ya sunkuyar da kai yana murza silifas a ƙasa. "Ina yi mata addu'a kullum."

"To madalla," na ce. Na bar shi nan, don in na ƙara kalma ɗaya zagi ne zai fito.

Wayar Gwaggo ta koma sai na kira sau da yawa kafin ta ɗauka, in ta ɗauka ma numfashi nake ji fiye da magana. Sau ɗaya ta kira ni da sunan wata ƙanwarsu da ta daɗe da rasuwa. Abincin da ake turawa ya fara taruwa a bayan labule ba a taɓa ba. Na ji Mai Burodi na gaya wa mijinta, "Fushi take yi da mu. Ƙyale ta, in yunwa ta ci ta za ta ɗauka." Shi kuma ya ce dama Yaya tun suna yara akwai zuciya. Na sake kiran lambar rediyo, aka ce an riga an je gidan mara lafiyar ta ƙi, sai dai in ita ko danginta ne suka kira.

Safiyar da na kira har wayata ta yi zafi ba a ɗauka ba, ban yi shawara da kowa ba. Na sa takunkumi, na ɗauki babban almakashina na yankan yadi, na sauka na zagaya bayan gida. An fito da burodi ke nan, tebura cike, tururi na tashi. Na ja kujera na hau, na soka almakashin a tsakiyar ledar na tsarge ta har ƙasa, na tura gilashin.

Wani zafi da wari suka bugo ni. Gwaggo na zaune a ƙasa ta jingina da gado, kanta ya langaɓe gefe, bakinta a buɗe. Leɓenta ya yi baƙi-baƙi. Ƙirjinta na ɗagawa da sauri-sauri, kaɗan-kaɗan. Wayar na kusa da hannunta, ta kasa kaiwa gare ta.

"Gwaggo. Gwaggo, ni ce."

Ta buɗe ido da ƙyar.

Mai Burodi ta fito da gudu. Ta dubi tagar, ta dube ni, sai ta yi kan tebur. "Burodina!" Ta shiga kwashe farantai tana kaiwa kicin, tana kiran 'yarta ta kawo zane a rufe sauran. Ba ta leƙa ɗakin ba. Ina kan kujerar ina kallon ta tana kai da kawowa, har ta kwashe tas.

Daga kan kujerar na kira, na ce musu leɓe ya yi duhu kuma ba ta iya magana. Sannan na fita tsakiyar layi na faɗa wa duk wanda ke tsaye abin da ke cikin gidan nan, da ƙarfi, don kada a sake samun wanda zai tare ƙofa da fara'a. Masu jiran burodi suka watse.

Nas ɗin nan ce ta dawo. Wannan karon ba ta nemi izinin kowa ba, ta yage labulen ta shiga. Ta maƙala wa Gwaggo abin a yatsa, ta duba, ta ɗago ta kalli direban. Suka sa mata robar oksijin a fuska suka ɗauko ta a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ba ta da nauyi, na ga yadda suka ɗaga ta. Akawu na tsaye a can ƙuryar falo, Dogo a bayan uwarsa. Da aka fito da ita waje ta juya ido tana neman wani, ban san wa ba, na dai matsa inda za ta gan ni. Ta ɗan ɗaga yatsu biyu. Aka rufe motar.

Ba ta kai ƙarshen makon ba. Nas ɗin ce ta kira ni, don lambata ce a wurinsu. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, amma huhun ya riga ya tafi kafin a kawo ta. Ta fara cewa, "Da tun ranar da muka fara zuwa ne," sai ta katse maganar, ta yi min ta'aziyya. Ma'aikatan asibiti ne suka yi mata sutura. Masu kiran Akawu a waya kuwa ina jin abin da yake gaya musu ta baranda: tsufa ne, ga ciwon suga, dama ta daɗe tana fama.

Aka wanke ɗakin da ruwan magani, aka ƙone katifa. Layi ya ɗan ƙaurace wa burodin, sannan mutane suka manta suka dawo. Yarinyar ta haihu lafiya. Ni dai na koma sayen burodi a bakin titi, ko da ya fi tauri.

Ba a daɗe ba Akawu ya tashi wata safiya da ɗan tari, ya ce shayinsa ba shi da ɗanɗano. Allah kaɗai Ya san inda ya kwaso, ko a wurin aiki ko a mota. Kafin azahar motar asibiti na ƙofar gida. Mai Burodi ce da kanta a tsakiyar titi, ko mayafi babu, tana ɗaga wa direban hannu don kada ya wuce, masu sayen burodi na tsaye suna kallo. Ba ta damu da wanda ya gani ba. Dogo ne ya riƙo uban a kafaɗa ya shigar da shi, ya zauna kusa da shi. Akawu kuwa da ƙafarsa yake tafiya, yana ma ba da sallahun a kulle masa jakar aiki.

An riƙe shi, an ba shi oksijin, ya dawo. Ya ɗan faɗa amma garau yake. Da yamma aka fito masa da kujera ƙofar gida, maƙwabta suka tsaya nesa-nesa suna yi masa barka. Na sauko zan kai ɗinki, dole ta gabansu zan wuce. Wani dattijo ya tambaye shi yadda abin yake.

Akawu ya gyara zama, ya yi bayani a hankali yadda ya saba. Ya ce cutar ba ta da wasa, amma ba a ce duk wanda ya kamu ya tafi ba. "Likitan da ya duba ni ya ce abin da ya cece ni shi ne an kawo ni da wuri. Sirrin ke nan, jama'a. Da kun ga alama a jikin naku, kada ku tsaya jin kunyar mutane. Rai ya fi komai."

Suka ce wallahi gaskiya ne. Mai Burodi na gefensa tana gyaɗa kai, tana fifita masa shayi. Na tsaya cak da ledar ɗinki a hannuna, na dube shi ido cikin ido, ina jira in ga ko muryarsa za ta yi rawa, ko zai kau da kai. Bai kau ba. Ya yi min murmushi ta saman takunkumi ya ce, "Mai Keke, ba ki yi min barka ba."

Na dubi Dogo, shi ne kaɗai ya sunkuyar da kai. Ban yi barkar ba, kuma har yau ban yi ba.